Idon Hagu na 'Yar Inna

Litinin, 2 ga Yuli 1956, bayan la'asar. Gusau

Littafin nan na aiki ne. An ba ni shi a matsayina na malamin gona don in riƙa rubuta ranakun ruwa da yadda auduga ke tsira. Baturen gona ba ya duba bayan littafi, saboda haka daga baya na soma, kuma abin da na ga dama zan rubuta.

Yanzu na dawo daga Bungudu. Yarinyar ta kawo mini ruwa a zaure, ta miƙo ƙwaryar gefen hannuna, ruwan ya zube mini a wando. Yaya Idris ya yi dariya, ya ce rawar kai ce. Da ta juya za ta fita, kafaɗarta ta hagu ta daki dokin ƙofa, ƙofar da take bi tun tana ƙarama. Kuma na ga wani fari-fari can cikin baƙin idonta na hagu.

Ban ce komai ba. Ina ni ina cewa? 'Yar fari ce. Ranar da aka yaye ta Inna ta goya ta, ta tafi da ita, yau shekara tara ke nan. Sunan Inna aka sa mata, shi ya sa gida ke kiranta Uwani, ni kuwa ko Uwanin ba na kira. Yaya Idris take ce wa Baba. Ni Malam take ce mini, kamar mai awon gona da ya biyo hanya. Haka muka tarar, ban taɓa jin zafin abin ba sai yau.

Talata, 3 ga Yuli, da hantsi

Na je Tudun Wada wurin ƙanwata Lantana. Ashe tun bazara abin yake! Tun bazara yarinyar ba ta iya sa wa Inna zare a allura, kowa a gidan ya sani, har maƙwabta. Ni kaɗai aka bari, wai don kada a kunyata ni da zancen. Na gode musu ƙwarai da wannan karamci.

Alhamis, 5 ga Yuli, da azahar

An ce wani likitan ido zai zo daga Kano, zai kwana uku a asibitin garin nan. Lantana za ta tafi Bungudu gobe, ta ce wa Inna tana son aron yarinyar ta taya ta aikin Salla. Namiji da gemuna, sai na yi ƙarya ta bakin ƙanwata kafin in kai abin da na haifa asibiti.

Litinin, 9 ga Yuli, bayan la'asar

Mun gan shi. Wani dogon Bature ne mai furfura, yana da tafinta Bakano. Ya ɗiga mata magani a ido, muka jira har baƙin idon ya buɗe, sannan ya shigar da mu wani ɗaki, aka rufe tagogi. Ya daɗe yana leƙa idon da wata 'yar fitila mai madubi. Ya duba na dama, ya koma na hagu, ya sake komawa. Yarinyar ko motsi ba ta yi ba.

Ya ɗauki takarda da jan fensir ya zana mana. Ya ce ba yana ba ce. Yana a gaban ido take, wannan kuwa can baya yake, a jikin shimfiɗar da gani ke sauka a kai. Wani ƙari ne na jijiyoyin jini, sun dunƙule wuri ɗaya kamar 'yar magarya. Ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa, ba ya kisa. Amma yana tsattsafo da ruwa, ruwan yana ɗaga shimfiɗar kamar yadda damshi ke ɗaga yaɓe daga jikin bango, farin da muke gani ke nan. Ya ce shekara ashirin yana duba idanu, wannan ne na uku da ya gani. Na dama lafiya lau yake. Na hagu kuwa, in an kai ta Kano da wuri, suna da wani ƙarfe da suke gasa ƙarin da shi ya bushe, mai yiwuwa a tsirar da sauran ganin.

Sannan ya ɗaga yatsa, ya faɗi wata magana sau biyu. Tafinta ya ce, "Ya ce kada ku kuskura a kai ta wurin masu sakiyar ido. In allura ta shiga idon nan, jini zai ɓalle a ciki."

Ya ce jibi Laraba zai koma, akwai wuri a motarsu. Uban yarinya ya sa hannu a takarda kawai. Ya dube ni, ya tambaya, "Wane ne ubanta?"

Lantana na tsaye. Yarinyar na zaune, tana jinmu. Na ji bakina ya ce, "Jikar mahaifiyata ce."

Tafinta ya dube ni. Ya gane sarai, Bahaushe ne. Amma shi ma sai ya yi mini kara, ya juya abin da na faɗa daidai yadda na faɗa. Likita ya ce to, in je in zo da uban ko mai riƙonta kafin Laraba. Na ce to. Alƙalamina yana aljihuna duk lokacin nan.

Talata, 10 ga Yuli, da almuru

Na tafi Bungudu da asuba a keke. Inna na kaɗi a ƙofar ɗakinta, Yaya Idris na gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe su, na shimfiɗa takardar likita a tabarma, na yi ta kewaye-kewaye. "Yarinyar gidan nan" nake ta cewa.

Inna ta ce, "Ashe aikin Sallar Lantana ke nan. Kun ɗauki ɗiyata kun kai ma Nasara ya leƙa mata ido cikin duhu."

Na ce, "Inna, magani za su yi mata."

Ta ce, "Mi suka sani in ba yanka ba? Ɗiyar Malam Jibo da anka kai, da ido guda ta dawo. Ƙwaƙule shi sunka yi."

Yaya Idris ya ajiye ƙota, ya ce, "Kai Sabiru, har boko ya kai ka nan? Ka zamna gaban uwarka kana hwaɗin ɗiyar fari da bakinka? Yanar ido ta, kowa ya gani. Wanga jan zane naka, mu ba mu ga komi ciki ba."

Na ce likita ya gani da fitila. Ya ce shi da idon da Allah ya ba shi ya gani.

Ina da amsa fal cikina. Na san abin da ya kamata in faɗa, na jera shi tun daga Gusau a kan keke. Amma Inna ta kau da kai ta ci gaba da murza mazarinta, ni kuma na naɗe takardata na yi sallama.

Laraba, 11 ga Yuli, da hantsi

Yaya Idris ya zo da kansa ya ɗauke ta daga gidan Lantana. Motar likita ta tashi ƙarfe tara.

Alhamis, 12 ga Yuli, da la'asar

Matata Shafa'atu ba ta tambaye ni komai ba. Ita ta haifi yarinyar, kunyarta ta fi tawa nauyi, ko a gaban kaji ba ta ambatonta. Amma yau na tarar tana daka geron da ta riga ta daka, ya zama gari tuni, tana ta kirɓa. Na ce mata ya isa. Ta ce bai yi laushi ba.

Na yi mata tsawa. Ita na yi wa tsawa, ita da ba ta yi mini komai ba.

Lahadi, 15 ga Yuli, da azahar

Ruwa kamar da bakin ƙwarya tun safe. Auduga a Magami ta yi kunne huɗu. Ina ruwana.

Alhamis, 19 ga Yuli, ranar Babbar Salla, da almuru

Mun je Bungudu gaisuwar Salla. An yi wa yarinyar kitso, an sa mata tozali har a idon. Farin ya ƙaru. Yanzu in ana magana ta hagunta, duk fuskarta take juyowa.

In faɗi gaskiya, ko don littafin nan: Inna ta rame. Lantana ta ce ba ta cin abinci sai ta ga yarinyar ta ci, kuma kullum tana wanke mata idon da ruwan rubutu. Ba mugunta ba ce, kuma wannan ne ke ƙara ƙona mini rai, don da mugunta ce da na san yadda zan yi da ita.

Muna cin nama a zaure Yaya Idris ya kawo labarin wani mai sakiya da ya sauka Tsafe. Wai wani tsoho da ya shekara bakwai ana jansa da sanda, an soka masa allura a gefen ido, an ture yanar, nan take ya ƙirga yatsun mutane. Yana ba da labarin yana kallon bango, ba ni ba.

Na ce, "Yaya, likita ya ce allura ba ta wannan idon ba ce."

Ya ce, "Wa ya ce ma allura? Labari nikai."

Sau ɗaya na faɗa, a hankali, kamar mai roƙon gishiri.

Litinin, 23 ga Yuli, da azahar

Na gan su a tashar mota.

Talata, 24 ga Yuli, da la'asar

Na je Wanke duba gonar gwaji. An ce musu su bar tsiro biyu a rami, sun bar biyar. Na zazzagi wani dattijo sa'an ubana a gaban 'ya'yansa saboda tsiron auduga, har rawaninsa na rawa. A kan auduga bakina yana aiki sosai.

Ba zan rubuta zancen tasha ba.

Laraba, 25 ga Yuli, da asuba

Zan rubuta.

Ranar Litinin na je tasha sa wa ofishinmu saƙo a motar Funtuwa. Sai ga Inna da Yaya Idris sun sauko daga motar Bungudu, yarinyar na tsakiyarsu da sabon zane. Inna da ba ta taɓa shiga mota ba sai sau biyu a rayuwarta. Tashar cike take da mutanen garinmu, 'yan kasuwa da abokan marigayi Baba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce Tsafe za su, gaishe da ƙanwarta da ba ta jin daɗi.

Na sani. Wallahi na sani. Duk wanda ke da kai a wuyansa ya san abin da ke Tsafe.

Wani dattijo ya ce, "Madalla da ɗa, ka ga ladabi." Ni kuwa na ɗauki ƙunshin kayan Inna na miƙa wa yaran mota. Na riƙe mata hannu ta taka tsani. Yaya Idris ya ɗaga yarinyar ya zaunar da ita a bakin katako. Na tsaya har motar ta tashi, na ce Allah ya kiyaye hanya.

Na gaya wa kaina wataƙila da gaske gaisuwa ce. Kwana biyu ina gaya wa kaina haka. Jiya da magariba Shafa'atu ta ajiye mini tuwo, ta tsaya, ta ce, "Malam, ba su dawo ba." Ba ta ce su wa ba. Shekara goma sha ɗaya, wannan ce magana mafi kusa da yarinyar da ta taɓa yi mini.

Na hura wa keke iska. Sai dai Baturen gona ya nemi wani ya duba masa Magami yau.

Laraba, da la'asar. Tsafe

An yi. Jiya da safe aka yi, lokacin da nake Wanke ina zagin tsoho.

Laraba, bayan magariba. Tashar jirgin Tsafe

Dole in rubuta.

Na tarar da su a gidan ƙanwar Inna, wadda lafiyarta ƙalau, ita ce ma ta nuna mini ɗakin. An toshe taga da tsumma. Yarinyar na kwance, kanta a cinyar Inna, an ɗaure mata ido da ƙyalle, ƙyallen ya jiƙe. Gefen fuskarta ya kumbura har kunne. Ba kuka take ba, wani nishi take yi ƙasa-ƙasa.

Yaya Idris ya ce da mutumin ya soka allurar bai sami yanar da zai ture ba, sai ya ƙara turawa. Idon ya cika da jini. Mutumin ya ce shi bai taɓa ganin haka ba, iska ce ta riga shi shiga. Ya ba da wani gari a riƙa barbaɗawa, kafin azahar ya naɗe jakarsa ya bar garin.

Na ce zan tafi da ita Kano.

Yaya Idris ya tare ƙofa, ya ce, "Ba ka da ta cewa nan. Mai sakiya ya ce kwana bakwai cikin duhu, kumburin shina saɓewa."

Mutanen gidan sun taru a tsakar gida, maza da mata. Ban san muryata na kai haka ba. Na ce, "'Yata ce! Ni na haife ta! Uwani 'yata ce, ni ne ubanta, ba kai ba!" Wata tsohuwa ta yi salati ta rufe baki, kamar na tuɓe a kasuwa. Na ƙara faɗa, don wanda bai ji ba ya ji. Abin da ya fi ba ni haushi, ba abin da ya faru. Rufi bai faɗo ba. Maganar nan ce na kasa yi a asibiti, na kasa yi a tasha, ga ta nan, ko numfashi biyu ba ta ci ba.

Daga cikin ɗaki Inna ta ce, "Idris, kauce mishi."

Ita ta ɗaura mata zane, ta goya mini ita a baya da majanyinta, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, ƙafafunta na reto. Da ta gama ɗaurin ta riƙe mini riga, ta ce, "Sabiru, ka maido min ita da idonta."

Na bar keken a can. Jirgin Zariya sai da safe.

Juma'a, 27 ga Yuli, da la'asar. Kano

Mun iso. Ta yi amai sau uku a jirgi. Duk tafiyar kanta na kafaɗata, ban taɓa sanin nauyin kanta ba sai yanzu.

Asabar, 28 ga Yuli, da hantsi

Likitan ya gane mu. Da ya kwance ƙyallen bai yi faɗa ba, ni kuwa na so ya yi. Ya ajiye 'yar fitilarsa ko kunna ta bai yi ba, ya ce ba abin da za a leƙa. Za su yi mata allurai kwana biyu su gani.

Tafintan nan yana nan. Ya ce mini sannu, na ce yawwa. Ba wanda ya dubi wani.

Lahadi, 29 ga Yuli, da azahar

Zazzaɓi.

Litinin, 30 ga Yuli, da la'asar

Idon hagu ya mutu, kuma ya ruɓe daga ciki. Likita ya ce in aka bar shi, yana iya jan na dama su tafi tare. A cire shi gobe, ko a yi caca da wanda ya rage.

Na tambaye shi, in da na sa hannu ran nan a Gusau fa? Ya ce ba zai iya rantsewa ba, amma yana zaton da tana ganin hanya da shi. Ni na tambaya, ba wanda ya aike ni.

Ƙarin da ba ya kisa, ba ya yaɗuwa. Ya zauna a bayan idonta wata da watanni bai yi abin da muka yi cikin safiya ɗaya ba. Ina jin haushin mai allura, ina jin haushin Yaya, har Inna ina jin haushinta, Allah ya yafe mini. Amma su ba su ga jan zanen da idon da na gan shi ba. Ni aka yi wa bayani da Hausa, sau biyu.

An kawo takarda. Na sa hannu a cire idon da Inna ta ce in mayar mata.

Talata, 31 ga Yuli, da azahar

An cire.

Alhamis, 2 ga Agusta, da hantsi

Zazzaɓin ya sauka. Ta sha kunu. Likita ya leƙa na dama da fitila, ya ce garau yake, amma a riƙa kawo ta duk shekara a duba. Na rubuta wa Lantana wasiƙa ta je ta gaya wa Shafa'atu. Ta Bungudu na fara sau huɗu, na yaga.

Juma'a, 3 ga Agusta, bayan la'asar

An bar ta ta fito baranda. Na zauna ta damanta don ta gan ni. Na sayo mata rake, na fere, na yayyanka, tana sha tana kallon masu wucewa. Ba mu saba hira ba, ni da ita, ban san ta inda ake farawa ba. Na tambaye ta ko wurin na ciwo, ta ce kaɗan. Ta tambayi Inna, na ce tana gaishe ta, ƙarya.

Can ta ce, "Malam."

Na ce, "Na'am."

Ta ce, "Ni na ji abin da likita ya ce ran nan, na allura. Na hwaɗa ma Inna, ta ce yara ba su shiga maganar manya."

Na ce haka ne, ta ji daidai.

Ta tofar da ɓawon rake a hannunta, ta ce, "Da na gane ka a tasha na ji daɗi. Na ɗauka zuwa ka yi ka sauko da ni."

Ba da fushi ta faɗa ba. Ta miƙo hannu in ƙara mata rake, na ƙara mata.